Hanyoyin jirage a bisan teku: ana tsimin mai, amma wa ke cin ribar?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Kwatano ko Lome ya san cewa kuɗin hanya yana cikin kuɗin kaya. Idan hanya ta ƙaru da kwana biyu, buhu ya ƙaru da dala kaza, kuma ba direba ne ke biya ba, mai saye ne a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne haka lamarin yake a sararin samaniya. Jirgin sama ba ya tashi ya miƙe inda ya ga dama kamar shaho. Akwai hanyar da aka shata masa, da hawan da aka ba shi, da gudun da aka ƙayyade masa, sannan ga kuɗin da zai biya ga duk ƙasar da ya ratsa samaniyarta. To a cikin ƴan shekarun nan an yi babban sauyi game da yadda ake shata waɗannan hanyoyi a bisan teku, musamman a arewacin tekun Atlantika, tsakanin Turai da Amurka, kuma ya kamata masu karatu su san abin da aka yi, da abin da aka samu, da kuma aljihun da ya shiga.

Babu wani teku a duniya da jirage ke cunkoso a bisansa kamar wannan. Kafin annobar korona, jirgi sama da 1,300 ne ke ƙetare shi a kowace rana, wato kusan tafiya dubu 500 a shekara. Faɗin ruwan daga gaɓar ƙasar Ailan zuwa gaɓar Kanada ya kai wajen kilomita 3,000, ya fi tafiyar Yamai zuwa Diffa har sau biyu. Cibiyoyi biyu ne ke da babban alhakin ba jirage hanya a tsakiyarsa: ta garin Gander a Kanada tana riƙe da ɓangaren yamma, sai wadda ake kira Shanwick, da ke garin Prestwick na ƙasar Birtaniya, tana riƙe da ɓangaren gabas. Ɗan Nijar da ya tashi daga Yamai ya bi ta Kasablanka ko Istanbul za shi New York wajen ƴan uwa, shi ma a cikin wannan babban fili yake wucewa, ko da bai taɓa jin sunan waɗannan cibiyoyi ba.

Kuma jiragen ba a warwatse suke tafiya ba. Fasinjoji sun fi son su bar Amurka da dare su wayi gari a Turai, sannan manyan filayen jirage irin na Landan da Frankfurt suna da dokar taƙaita sauka da tashi cikin tsakar dare. Saboda haka ayari biyu ake yi kullum: da dare kowa ya nufi gabas, da rana kowa ya nufi yamma, kamar yadda motocin kasuwar ƙauye ke cika hanya da safe su sake cika ta da maraice. Ɗaruruwan jirage ne ke neman wuri ɗaya a cikin awoyi kaɗan.

Me ya sa wuri ɗaya, alhali kuwa teku ga shi nan fili fetal? Dalili biyu ne. Na farko, duniya a dunƙule take. A kifa ƙwarya, a ɗora zare daga wani gefe zuwa wani gefe a ja shi ya miƙe, za a ga inda ya bi ba inda ido ya zata ba ne. Shi ya sa jirgin da zai je New York daga Landan yake karkata arewa, domin nan ce gajeriyar hanya ko da a kan taswira ta yi kama da zagaye. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, wato iska. A can sama, wajen mita dubu 10, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, gudunsa yakan kai kilomita 200 zuwa 300 a awa, wani lokaci ya zarce haka cikin hunturu. Mai zuwa Turai so yake ya faɗa cikinsa ya tura shi, mai zuwa Amurka kuwa so yake ya kauce masa. Wannan ne ya sa tafiyar gabas take ɗaukar wajen awa 6 zuwa 7, ta yamma kuwa 7 zuwa 8, a jirgi ɗaya tsakanin garuruwa biyu. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56 kacal.

To amma kogin iskar ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana nan, gobe ya gusa kudu ko arewa da ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa tun shekarun 1960 aka fito da tsarin shata hanyoyi sau biyu a rana. Kamfanoni su aiko da hanyar da suke so, masana yanayi su kawo hasashen iska, sai Gander ta zana layukan dare, Shanwick ta zana na rana, galibi layi biyar zuwa bakwai a jere, kowanne da harafinsa. Na yamma suna farawa da A, B, C, na gabas kuwa da Z, Y, X. Titi ne da ake shimfiɗawa da safe a naɗe shi da dare.

Makafin masu ba da hanya

Abin tambaya a nan shi ne, don me ba a bar kowane jirgi ya bi inda ya fi masa sauƙi ba? Amsar ita ce masu ba da hanya ba sa ganin jiragen. Na'urar rada da ke nuna jirgi a kan allo tana ganin wajen kilomita 400 ne daga inda aka kafa ta, kuma ba a kafa ta a kan ruwa. Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa ya ɓace daga allo. Shekara da shekaru, matuƙi ne ke kira ta rediyo mai gajeren zango, irin mai ƙarar nan da masu sauraren tashoshin waje suka sani, ya ce ga inda nake, ga ƙarfe nawa zan kai wuri kaza. Ma'aikacin rediyo ya rubuta ya miƙa wa mai ba da hanya. Tsakanin kira da kira jirgi ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ba wanda ya san takamaiman inda yake sai Allah sai matuƙinsa.

Wanda ba ya gani dole ya bar tazara mai yawa. An daɗe ana barin kilomita 111 tsakanin layi da layi, da minti 10 tsakanin jirgi da wanda ke biye da shi, wato wajen kilomita 150, da kuma mita 600 tsakanin hawa da hawa. Kowane jirgi an kulle shi a gudu ɗaya, ba ya ƙarawa ba ya ragewa sai da izini. Illar hakan a fili take. Layin da ya fi kyawun iska nan da nan yake cika, wanda ya makara sai a tura shi layin gefe ko hawa na ƙasa, inda injin ya fi shan mai. Bugu da ƙari, jirgi yana rage nauyi yayin da yake ƙona mansa, kuma idan ya yi sauƙi ya kamata ya ƙara hawa sama don ya rage sha. Idan akwai wani a bisansa, ko kuma ba a tabbatar babu ba, sai a hana shi, ya yi awa uku ko huɗu yana ƙona man da bai kamata ya ƙona ba.

Sannu a hankali aka riƙa matse wannan tazara. A watan Maris na 1997 aka rage ta sama da ƙasa daga mita 600 zuwa 300, abin da ya kusan ninka yawan hawan da ake da su, kuma a wannan teku aka fara shi kafin sauran duniya; nahiyarmu ta Afirka sai a Satumbar 2008 ta bi sahu. Daga baya saƙon rubutu ya maye gurbin yawancin kiran rediyo, na'urar jirgi da kanta take aika rahoton inda take kusan kowane minti 14. A ƙarshen 2015 aka fara cusa sabon layi a tsakanin tsofaffin layuka, tazarar ta koma rabi.

Babban sauyin dai ya zo ne a ƙarshen watan Maris na 2019. Wani kamfani mai suna Aireon ya ɗora na'urorin saurare a kan taurarin ɗan Adam 66 na kamfanin Iridium, waɗanda ke kewaya duniya ba dare ba rana. Jiragen zamani dama suna watsa labarin inda suke a kai a kai, matsalar dai babu mai ji a tsakiyar teku. Yanzu taurarin suna ji, suna miƙa wa Gander da Shanwick, sai ga shi abin da ake jira minti 14 ana samunsa cikin wajen daƙiƙa 8. A karo na farko mai ba da hanya ya ga jiragensa a kan allo suna tafiya a bisan ruwa. Nan take aka rage tazarar gaba da baya zuwa wajen kilomita 26, aka kuma sassauta dokar kulle gudu.

Da aka samu ido, sai masana suka fara tambayar ko akwai sauran amfanin layukan. Annobar korona ce ta ba da damar gwadawa, da yake jirage sun ragu ƙwarai. Ranar 9 ga Maris 2021 Shanwick ba ta zana layi ko ɗaya ba, kowane kamfani ya zaɓi hanyarsa, abin da aka yi shekaru masu yawa ba a gani ba. An maimaita hakan a wasu ranaku. Daga 1 ga Maris 2022 kuma aka soke layukan kwata-kwata daga hawan ƙafa dubu 33 zuwa ƙasa, wato wajen mita dubu 10. A bisan wannan hawa, inda mafi yawan jirage suka fi so, an ci gaba da zana layuka, domin da cunkoso ya dawo an ga ba abu ne da za a watsar dare ɗaya ba.

Mu yi lissafin kasuwa

Masu sayar da waɗannan na'urori sun iya talla, saboda haka gara mu ɗauki alƙaluman waɗanda ba su da abin sayarwa. A farkon 2021 masu bincike na jami'ar Reading ta ƙasar Ingila sun duba tafiye-tafiye wajen dubu 35 tsakanin Landan da New York na hunturun 2019 zuwa 2020, suka gwada hanyar da kowane jirgi ya bi da wadda ta fi dacewa da iskar ranar. Sun gano cewa akwai tafiyar da za a iya rage mata mai har kashi 16 cikin ɗari, kuma wannan adadi ne jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Amma idan aka haɗa duka aka raba, ragin bai wuce kashi 2.5 ba ga mai zuwa gabas, da kashi 1.7 ga mai zuwa yamma.

To bari mu ƙiyasta. Babban jirgi irin Boeing 777 yana shan kalanzir wajen tan 7 a awa, wato kusan tan 50 a tafiyar awa 7. Kashi 2 cikin ɗari na wannan shi ne tan 1, kimanin lita 1,250, tano shida ke nan da ɗan ɗori. Ga kamfanin da ke da jirage gommai suna ƙetarawa kullum, shekara ta zagayo, wannan dukiya ce mai yawa, tun da mai shi kaɗai yana cin kashi 25 zuwa 30 na abin da kamfanonin jirage ke kashewa. Ga lafiyar duniya ma abu ne mai kyau, domin kowane tan na kalanzir da aka ƙona yana sakin hayaƙi mai ɗumama yanayi fiye da tan 3. Amma a raba wannan tan ɗaya tsakanin fasinja 300, kowa lita 4 ya samu. Hajiyar da ta biya ɗaruruwan jikkuna ta sayi tikiti, lita 4 ta kalanzir ba za ta sauya mata komai ba, ko da an mayar mata da kuɗin a hannu, balle ma ba a mayarwa. Riba ce irin ta mai sayar da gishiri, ba ta bayyana sai an tara.

Kada kuma a ɗauka abin ba shi da haɗarinsa. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne ga jirgi ya faɗi gaskiyar inda yake, shi kuma jirgi daga GPS yake samun wannan labari. Tun daga 2023 matuƙa ke ta kai ƙarar cewa ana rikita musu GPS a kewayen wuraren da ake yaƙi, a Gabas ta Tsakiya da gabashin Turai, kuma wani lokaci na'urar ba ta komawa daidai har jirgi ya iso bakin teku. Irin wannan jirgi dole a koma ba shi tsohuwar tazara mai faɗi, ya takura wa na kusa da shi. Sannan kogin iskar da ake rububinsa, a gefensa ne gargada ta fi yawa, irin wadda ba gajimare ba komai sai jirgi ya yi ta jijjiga. Wani binciken jami'ar ta Reading na 2023 ya nuna cewa gargada mai tsanani a bisan wannan teku ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari tsakanin 1979 da 2020. Idan an ce a ɗaura bel, a ɗaura.

Wani abin mamaki ma, daidaiton na'urorin ya zama matsala a kansa. A da, jirage biyu da ke kan layi ɗaya kowanne yakan ɗan kauce ba da saninsa ba, sai kuskuren ya zama kariya. Yanzu kowanne yana bin layin daidai kamar an ja shi da zare, ta yadda idan ɗaya ya yi kuskuren hawa, kai tsaye za su haɗu. Shi ya sa ake umartar matuƙa su riƙa gusawa dama kaɗan da gangan, har zuwa kilomita 3 da ɗoriya, kowa ya zaɓi nasa.

Namu ɓangaren

Mai karatu zai iya cewa wannan duk harkar Turawa ce. Ba haka ba ne. Daga kudu da wancan yanki, wani babban ɓangare na tekun Atlantika yana hannun cibiyar Dakar, kuma ta nan ne jiragen da ke tsakanin Turai da Kudancin Amurka ke bi. Ita kuwa cibiyar Dakar ta hukumar ASECNA ce, wadda aka kafa a Saint-Louis na Senegal a Disambar 1959, kuma Nijar tana cikinta. Hukumar tana kula da samaniya mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyon 16, an kasa ta yankuna shida, ɗaya daga ciki sunan Yamai yake ɗauke da shi. Makarantar EAMAC da ke horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi na ƙasashen hukumar a Yamai take, kuma ɗan Nijar, Mohamed Moussa, shi ya shugabanci hukumar daga 2017 zuwa ƙarshen 2024. ASECNA ita ma ta ƙulla yarjejeniya da Aireon. Dalilin a fili yake: ga mai ba da hanya, Tenere da teku duk ɗaya ne, fili ne mai faɗi da ba a iya cika shi da rada.

A wannan ɓangare namu, maganar ganin jirage ta rai ce kafin ta zama ta tsimin mai. Ranar 13 ga Satumba 1997 wani jirgin sojan Jamus ya sha mai a Yamai ya nufi Windhoek ta ƙasar Namibiya. A bisan teku, kusa da gaɓar ƙasar, ya yi karo da wani jirgin sojan Amurka da ya taso daga Windhoek ɗin, mutum 33 da ke cikin jiragen biyu duka suka rasu. Bincike ya nuna jirgin Jamus yana kan hawan da ba nasa ba, kuma labarinsa bai isa yadda ya kamata ga masu ba da hanya na can ba. Haka nan ranar 1 ga Yuni 2009 jirgin Air France da ya taso daga Rio za shi Paris ya faɗa teku da mutum 228 dab da inda hannun Barazil ke ƙarewa na Dakar ya fara. An yi awoyi kafin a tabbatar ya ɓace, kuma sai a Afrilun 2011 aka gano gangar jikinsa a zurfin kusan mita dubu 4. Tauraron ɗan Adam ba zai hana na'urar jirgi lalacewa ba, amma da yana nan a wancan dare da an san inda za a fara nema cikin mintuna.

Abin da siyasa ke zubarwa

Yanzu a ajiye wancan tan ɗaya da masana suka yi shekaru suna fafutukar tsiminsa, a dubi abin da ya faru a bisan kawunanmu. Ranar 6 ga Agusta 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hukumomin soja suka rufe samaniyar Nijar saboda barazanar CEDEAO ta yin amfani da ƙarfi. A lokacin samaniyar Sudan tana rufe tun watan Afrilu saboda yaƙi, ta Libiya kuwa kamfanoni da yawa sun daɗe suna ƙaurace mata. Sai ya zama an gitta katanga daga tsakiyar Sahara har Bahar Maliya. A daren, waɗansu jiragen da suka taso daga kudancin Afirka za su Turai sun juya inda suka fito, waɗansu suka sauka wani wuri neman ƙarin mai. Har zuwa 4 ga Satumba da aka sake buɗewa, jirage sun riƙa zagayawa ta yamma, ta gaɓar teku, ko ta gabas ta wajen Masar, da ƙarin kilomita 1,000 ko fiye ga waɗansu. Kilomita 1,000 tafiyar sama da awa ɗaya ce, tan 7 zuwa 8 na kalanzir ke nan ga babban jirgi. Wato zagaye ɗaya ya cinye tsimin tafiya bakwai ko takwas ta bisan Atlantika.

Ba hukunci muke yankewa kan dalilan tsaro da suka sa aka rufe ba, kowace ƙasa tana da ikon samaniyarta, kuma ba Nijar ce ta fara ba. Aljeriya ta rufe wa Maroko tata a Satumbar 2021, ta rufe wa Mali a Afrilun 2025, Mali ma ta rama. Rasha ta rufe wa ƙasashe 36 a Fabrairun 2022 bayan su ma sun rufe mata, sai tafiyar kamfanin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 9 ta koma 13, alhali kamfanonin Sin suka ci gaba da bin gajeriyar hanya suna kwashe fasinja. Abin lura dai shi ne matsayin Nijar a tsakiyar hanyar Turai da kudancin Afirka haja ce. Duk jirgin da ya ratsa yana biyan kuɗi gwargwadon nauyinsa da nisan da ya yi, kuma da irin wannan kuɗi ne ASECNA ke biyan ma'aikata da sayen kayan aiki. Kwastoman da ya saba da wata rumfa saboda taka tana rufe, ba lalle ne ya dawo ranar da ka buɗe ba. Ƴan kasuwar da suka ga yadda kaya suka koma bi ta Lome da Burkina cikin rakiyar soja bayan rufe iyakar Benin a 2023 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

To wa ke cin ribar? A tsakanin Landan da New York, inda kamfanoni da yawa ke kokawar fasinja ɗaya, wanda ya rage kuɗin mai yana iya rage tikiti don ya ƙwace kasuwa, sai wani abu ya ɗiga wa matafiyi. A Yamai lamarin daban ne. Kamfanonin da ke zuwa ƙirga su ake yi da yatsu, kuma sun ƙara raguwa tun da Air France ta daina zuwa a 2023. Mai zuwa Guangzhou ko Dubai sari yakan bi ta Adis Ababa ko Istanbul, ba don iska ta ce haka ba, sai don nan ne kamfanin ke tara fasinjojinsa. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Tawa kuwa sai ya fara yin ɗaruruwan kilomita a mota kafin ya ga jirgin. Inda ba gasa, abin da kamfani ya tsimta nasa ne.

Ra'ayinmu shi ne abin da zai rage wa ɗan kasuwa tsadar tikiti da kuɗin kilo na kaya yana ƙasa, a ofisoshin gwamnati. Tun 1999 ƙasashen Afirka suka amince a Yamusukuro za su buɗe wa kamfanonin juna kasuwa, a Janairun 2018 aka sake ƙaddamar da shirin a Adis Ababa da sabon suna, amma aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya. A Disambar 2024 shugabannin CEDEAO suka yanke shawarar soke wasu haraje-haraje na tikiti da rage wasu kuɗaɗen filin jirgi da kashi 25 cikin ɗari daga Janairun 2026. Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka wannan shawara ba ta hau kansu ba, ya rage ga hukumominsu su duba ko za su yi irin tata, in ba haka ba fasinjan Maraɗi da Damagaram yana da Kano a kusa da shi.

Kafin nan, duk wanda zai yanki tikiti ya nemi mai sayarwa ya buga masa takardar da ke rarrabe kuɗin dalla-dalla. Zai ga kuɗin kujera daban, harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi daban, sannan ga wani layi da ake rubuta wa YQ ko YR, wanda aka fara sa shi da sunan ƙarin kuɗin mai, amma aljihun kamfani yake shiga. Sau da yawa waɗannan ƙare-ƙare idan aka haɗa su sukan yi kusa da kuɗin kujerar kanta, kuma su ne ya kamata a gwada tsakanin kamfani da kamfani kafin a biya.